Me za a rubuta a jikin kofin nan?

Jama'a, ina neman taimako kafin Alhamis. Sakandaren da nake koyarwa za ta yi gasar wasannin gidaje ta shekara, wadda yara ke kira intahaus, kuma bana an ƙara kofi guda. Akwai na gidan da ya fi maki, akwai na maci, sai wannan sabon na abin da Bature ke kira sportsmanship, wato kyawun hali a fagen wasa. Ni aka ɗora wa sanarwa da Hausa saboda iyaye, mai rubutu a jikin kofi kuma yana jiran kalma.

Sauran ba su ba ni wahala ba: tseren miƙa sanda, tseren buhu, ja-in-ja, dogon tsalle, ƙwai a cokali na 'yan aji ɗaya. Wannan ɗayar ce ta tsaya mini a maƙogwaro.

Wani abokin aikina ya kawo "ruhin wasa". Na ce masa ya rufa mini asiri. In na ɗauki lasifika na ce gidan kore ya ci kofin ruhin wasa, tsohuwar da ta zo kallon jikanta za ta ɗauka 'yan bori aka gayyato.

Sai "ladabin wasa" da "da'ar wasa". Ladabi na ƙasa ne yake yi wa na sama, ɗa ga uba, ɗalibi ga malami. Abin da muke nema kuwa tsakanin tsara yake faruwa, sau da yawa ma wanda ke da galaba ne yake nuna shi. Da'a kuma bin doka ce, alhali wannan hali yakan bayyana a wurin da doka ba ta ce komai ba. A Disambar 2012, a wani tseren dogon zango a garin Burlada na Sifaniya, ɗan Kenya Abel Mutai yana kan gaba, sai ya sassauta saura taku kaɗan, yana zaton ya tsallake layi. Iván Fernández da ke biye da shi ya ƙi wuce shi, ya dinga nuna masa gaba har Mutai ya ƙarasa, shi ya zo na biyu. Da ya wuce abinsa, babu alƙalin da zai ce ya yi laifi. To mene ne sunan abin da ya yi?

Na kira tsohon malaminmu na Hausa, wanda ya yi ritaya tuntuni. Bai ko bari na gama ba ya ce, "Kai ɗan nan, ka manta Waziri Ibrahim? Siyasa ba da gaba ba. Ka cire siyasa ka sa wasa." Gaskiyar Malam ce, taken nan nasa na ɗan takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar GNPP a zaɓen 1979 ya zauna a bakin Bahaushe, kuma "wasa ba da gaba ba" yana da daɗin faɗa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ya rufe rabi." Ya kama wanda aka kayar ya ƙi gaisawa, ya kama jifa da ake yi bayan an tashi. Amma gidan da ya cusa ƙaton ɗan aji biyar a tseren ƙananan yara fa, ko ya ɗauko haya daga cikin gari ya sa masa riga? Suna dariya da kowa, ba su gaba da kowa, maguɗi ne tsagwaronsa. Duk wanda ya taɓa riƙe gida a makaranta ya san wannan. Taken dai zan sa a rubuta a ƙyalle a rataye bakin fili.

Wata 'yar'uwa daga Maradi ta ce a duba "kara". Ta kawo misalin kokawar Takobi, gasar kokawar gargajiya ta ƙasar Nijar, wadda aka fara a Tahoua a 1975, inda za ka ga wanda ya yi kaye ya miƙa hannu ya ɗaga abokin karawarsa, su rungume juna. Hajiya, misalin ya yi, kalmar ce nake tsoro. Kara ita ce ka janye wa mutum don ganin girmansa. Yaron da ya rage gudu don kada ya wuce shugaban ɗalibai ya yi kara, kuma ya ɓata tseren. A fili ana so ka zage iya ƙarfinka, ka kayar da mutum in za ka iya, sannan ka ɗaga shi. Shi ma Fernández ba janyewa ya yi ba, nasarar da ba tasa ba ce ya ƙi karɓa.

Inda na tsaya shi ne dattako. Kalmar ta riga ta saba da wannan aiki. Ranar 31 ga Maris 2015, da Jonathan ya buga wa Buhari waya tun kafin a gama sanar da sakamako, abin da aka yi ta faɗa a majalisu shi ne ya nuna dattako. Ta ɗauki amsa kaye, ta ɗauki cin nasara ba tare da gori ba, ta ɗauki ƙin cuta ko da babu mai gani. Tana kuma juyuwa a baki: ya yi dattako, wasan ba dattako, dattakon wasa.

Wata malama da ke zaune kusa da ni a ofis ta ce, "Malam, 'yan shekara 13 ne dattawa?" Na tuna mata sau nawa ita kanta ta ce da wata ɗaliba "yarinyar nan dattijuwa ce", ba furfura ko ɗaya a kanta. Ta yi dariya ta ce ta ba ni.

Mai rubutu ya ce wurin kalma biyu kawai zai ɗauka, don haka na aika masa "Kofin Dattako". In akwai mai wadda ta fi, ya yi magana kafin azahar ɗin Laraba, lokacin zai sa ƙarfe. Saura guda kuma: zagayen da gidaje ke yi a gaban manyan baƙi, maci zan ce ko fareti?