Baba na so in ɗaura zare bana, Inna kuma ta ce sam

Jikan Bahago:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Gidanmu gidan fawa ne, kun kuma san fawa da dambe tare suka taso. Kakana bahago ne, ya yi dambe a ƙauyukan Zamfara tun ana bin gari gari da kaka, in an gama kai amfanin gona gida. Baba ya gaje shi, ya yi wa ɓangaren Arewa wasa (ɗaya daga rukunonin 'yan dambe, kamar Kudu), har yau in makaɗa suka ɗauko takensa a kalangu sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi. Mu huɗu ne maza, ni kaɗai na ɗauko tsayi da hannun hagun kaka. Yanzu Baba ya ce bana zai damƙa ni hannun wani ubangida in fara fita fili.

Wallahi ina son wasan. Amma shekarata 23, gyaran waya nake yi a Kano, sana'ar da ba ta yiwuwa sai da ido da yatsu masu natsuwa. Baba kuwa yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, in ya ɗauki kofin shayi hannun rawa yake. Inna ta ce in na shiga, kada in sake cin tuwonta. Ba na so a ce a kaina gadon gidanmu ya yanke. Me kuka gani?

Tsohon Ɗan Kudu:
Wa'alaikumus salam ɗana. Ni na sa zare, wato wanda ɗan dambe ke ɗaurawa a hannun duka, da ƙuruciya, don haka ka saurare ni. Dambe ba a yi wa wani shi, ko uba ne. Turmi uku ne kawai, amma in ka tsaya gaban mutum zuciyarka na wajen shagon gyaran waya, kafin ka ɗaga garkuwa ya kai ka ƙasa. Sannan ka makara kaɗan. Yaran da za ka tarar a gidan damben Dei-Dei na Abuja ko dandalin Ado Bayero na Kano tun suna 14 ko 15 suke shan naushi, jikinsu ya saba. Kuɗi akwai yanzu fiye da zamaninmu, ana damben mota, ana nuna wasa a YouTube, amma mutum nawa ne ke hawa motar? Sauran kari suke jira daga 'yan kallo, in sun karye a haɗa musu ajo, wato wasan tara musu gudummawa.

Ma'aikacin Jinya:
Ƙanena, batun hannu ma da sauƙi, kai ne abin ji. Zaren nan in ya ɗauru tamkar dutse yake, kuma ba a sa komai a ka. Illar duka a ka taruwa take, sai bayan shekaru a ga mantuwa ko rawar jiki. In ka ƙudura sai ka yi, duk ranar da aka buge ka har ka ji jiri, amai ko ciwon kan da ba ya sauka, asibiti za ka, kada kowa ya zuga ka ramuwa washegari. Baba ma ka lallaɓa shi a duba hannun nan.

Yaya Babba:
Kada ka raina maganar Inna. Ita ta yi jinyar Babanka, ita ta gasa masa fuska da ruwan zafi, ta san abin da 'yan kallo ba su sani ba. Ka kuma tambayi malaminka hukuncin dukan fuska da layun da ake ɗaurawa, tun kafin a fara yi maka tsagar magani a hannu.

Tsohon Ɗan Kudu:
Na manta abu ɗaya. Alƙalanci ma dambe ne, horar da yara ma haka. Kirarin kakanka da takensa, wa ya haddace su a cikinku?

Jikan Bahago:
Babu kowa Baba, rabi kawai na iya. Na gode muku duka. Ranar Juma'a zan je gida, zan roƙi kawuna ya zauna da mu, don shi kaɗai Baba ke jin maganarsa. Zan kuma tafi da waya in naɗi muryar Baba yana kirarin, in ya yarda.