Neman shawara kan raunin tayirod da kitsen jini

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci game da mahaifiyata mai shekara 58, wadda muke zaune da ita a Garwa. Wata shida ke nan tana kukan kasala da jin sanyi, har takan lulluɓa da mayafi biyu da rana tsaka, ga jiki yana ƙara nauyi alhali ba ta cin abincin kirki.

Gwajin jini ya nuna sinadarin TSH ya kai 11, wanda bai kamata ya wuce kimanin 4 ba, wato ƙwayar tayirod ta wuyanta ta yi rauni, kuma kitsen jini na LDL ya hau. Likitan farko ya rubuta mata Levothyrox, maganin raunin tayirod, ya ce a jira mako 8 a sake gwaji, domin raunin tayirod kan rage wa hanta ƙarfin kwashe wannan kitse. Na biyu kuwa ya ce a fara maganin kitse yanzu, tunda tana da hawan jini.

Hankalina ya fi kwanciya da na farko, amma ina jin tsoro saboda zuciyarta. Wanne ya kamata mu bi, kuma akwai haɗari idan ta haɗa magungunan biyu?