Neman kalma: me za mu kira "dysphagia" a shirin rediyo?

Maman Ummi: Salamu alaikum. Gobe da hantsi za mu naɗi shirin lafiya a kan tsofaffin da haɗiya ke ba wuya. Likitan da zai shigo "dysphagia" yake ta faɗa, shirin kuma minti 30 ne kacal, ba zan iya jan doguwar jimla duk sanda kalmar ta fito ba. Ina son abin da dattijuwa a ƙauye za ta ji ta gane nan take. A taimaka kafin isha'i.

Baƙatsine: Wa alaikumus salam. Wahalar haɗiya mana, Hajiya. Kalmar ma daga Girkanci take, ma'anarta wahalar ci.

Ɗan Damagaram: Ko ciwon maƙoshi.

Nas Yaya: Don Allah kar a ce ciwon maƙoshi. Mutanenmu na jin haka sai su ce beli ne, a kira wanzami, alhali sau da yawa maƙoshin lafiya lau yake. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, daga ƙwaƙwalwa matsalar take, jijiyoyin da ke tura loma ne suka daina karɓar umarni. A kwanakin farko na shanyewar, kusan rabin majiyyata na fama da haka. Haka mai ciwon Fakinsan da ke karkarwa, da wanda gigin tsufa ya kama, ya riƙe tuwo a kumatu ya manta bai haɗiye ba. Ga zubewar haƙora, ga magungunan da ke busar da yawu.

Malamin Hausa: Wahalar haɗiya bayani ne, ba suna ba ne. Harshenmu yana da hanyar raɗa wa cuta suna. Sanƙarewa ta ba mu sanƙarau, ƙanjamewa ta ba mu ƙanjamau. To maƙalewa ta ba mu MAƘALAU. Gaɓa uku, ba wanda zai manta. Na daɗe da wannan kalma a aljihu.

Baƙatsine: Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi daɗin kunne kam.

Nas Yaya: Ta yi daɗi, Malam, amma rabin matsalar kawai ta ɗauko. Iri biyu ne. Akwai wanda abinci ke tsaya masa a ƙirji bayan ya haɗiye, saboda hanyar abincin ta tsuke. Ƙwannafin shekara da shekaru kan bar tabo ya jawo haka, ciwon daji ma kan jawo. Ya fara kasa cin nama, sai tuwo, daga baya har kunu, yana ta ramewa. Wannan ne maƙalewa, kuma asibiti ya kamata a nufa ba jira. Amma na tsofaffinmu da suka shanye, sau da yawa ba maƙalewa ba ce matsalar. Ruwa ne ke sulalewa ya bi hanyar iska ya sauka a huhu. Ƙwarewa ce. Wani ya yi ta tari, muryarsa ta jiƙe bayan ya sha ruwa. Wani ko tarin ba ya yi, sai dai a ga zazzaɓi da nimoniya suna ta dawowa. Idan jikarsa ta ji "maƙalau" a rediyo za ta ce ai Baba ba abin da ke maƙale masa, ta ci gaba da ɗura masa ruwa yana kwance.

Malamin Hausa: Ma'ana ai faɗaɗa take yi da amfani. Duk mai ƙanjamau ne ya ƙanjame? Abin da ke damuna shi ne kullum mu ne masu kwana a kan "matsalar kaza", "wahalar kaza". Larabawa da Turawa suna raɗa suna, mu kuwa sai kewaye-kewaye kamar harshen ba shi da dangi.

Ɗan Damagaram: Malam, ƙanjamau ɗin nan da kuke misali da ita, mu a Nijar sida muka fi cewa. Kuma sunan ya sa mutane sun ɗauka sai wanda ya rame ne ke ɗauke da cutar. Shirin Hajiya har nan ana iya kama shi, a bar mu da kalmar da kowa ya sani.

Malamin Hausa: Ku da kuka ari sida daga Faransanci ba za ku koya mana raɗa suna ba.

Ɗan Damagaram: Ku kuma asibiti da likita da nas daga bakin wa kuka same su, ranka ya daɗe?

Baƙatsine: A yi haƙuri jama'a. Larabawan ma "usrul bal'i" suke cewa, wato wahalar haɗiyar nan dai.

Nas Yaya: Ƙari ɗaya. Wannan alama ce ta wata cuta, ba cuta ce mai zaman kanta ba. Suna mai "-au" zai sa a zaci annoba ce da ake ɗauka, a ware wa tsoho kwanonsa. Hajiya, ko wace kalma kuka ɗauka, ku tabbata an faɗi wannan: a zaunar da shi tsaye kafin a ba shi komai, loma ƙanana, kar ya kwanta sai bayan kamar minti 30, a riƙa wanke masa baki. Ruwa tsinkakke ya fi saurin ƙware su fiye da koko mai kauri, amma ma'aikacin lafiya ne zai gwada ya faɗi kaurin da ya dace.

Maman Ummi: Na gode ƙwarai. Zan tafi da "wahalar haɗiya", sannan in raba ta biyu yadda Yaya ta yi, ƙwarewa da maƙalewa. A takarda ƙwarewa na iya rikicewa da ta gwaninta, amma a baki furuci zai bambanta su. Malam, a gafarce ni, gobe dai ba zan sa maƙalau ba.

Malamin Hausa: Shirinki ne, Hajiya. Ni dai ban janye ba. Ko ga irin na ƙirjin nan kaɗai a gwada ta, tunda nas ɗin da kanta ta yarda nan ta dace.

Nas Yaya: Cewa na yi maƙalewa ta dace, Malam, ban ce maƙalau ba.

Maman Ummi: Zan tambayi likitan kafin mu shiga ɗakin naɗa. In ya amince, zan ambace ta sau ɗaya in ce shawara ce.