Zanen katangar Tudun Wada: wa'azi ne ko tsokana?

Mai Fenti: Salamu alaikum. Wa ya bi ta Tudun Wada nan Gusau yau? An zana manomi, fartanya a kafaɗa, yana miƙa wa ɗan bindiga harajin gona, gefe ga wani mai tumbi cikin babbar riga ya kau da kai yana latsa waya. Saman kan manomin an zagaye maganarsa: "Wa zan kai wa ƙara?" Wallahi zanen nan ya fi lacca goma.

Kawu: Yaro, zane bai taɓa kwance wanda aka ɗaure a daji ba. Gobe a shafe shi da farar ƙasa, a tafi da mai katangar.

Malam: Ni ba nan gizo ke saƙa ba. Surar mai rai ce, a jihar da ta fara shelar shari'a tun 1999. A rubuta maganar mana, a bar hoton.

Anti Nas: Allah gafarta Malam, mutum nawa ke karanta boko a kasuwar nan? Mu a asibiti da hoto muke nuna wa uwa yadda za ta haɗa ruwan gishiri da sukari. Takarda kuwa ƙosai ake ƙunshewa a ciki.

Ɗalibi: Ku nemi hoton Handala. Naji al-Ali, Bafalasɗine mai zanen barkwanci a jarida, ya ƙirƙiro shi a 1969: yaro ɗan shekara 10, ba takalmi, ya juya baya ya goya hannuwa. An harbe mai zanen a Landan a 1987, amma yaron na nan jikin katangar da Isra'ila ta gina. Da zane banza ne, wa zai ɓata harsashi? Kuma Malam, ko fuska ba a gani.

Malam: Juya baya bai cire kai ba, ɗana. A kan kai malamai suka yi magana.

Direba: To zakuna da dawakan da ke bayan gingimari fa? Shekara nawa muna yawo da su Gusau zuwa Funtuwa, ba wanda ya ce uffan, sai yau da aka taɓa mai babbar riga.

Malam: An faɗa, Alhaji. Ku ne ba ku tsayawa ku ji.

Kawu: Falasɗinu daban, Gusau daban. Can abokin gaba suke zanawa, nan kuwa gobe tare za ku haɗu wajen ɗaurin aure. Kuma mai tumbin nan ya yi kama da wani.

Mai Fenti: Da wa, Kawu?

Kawu: Ni ban ce ba. An kira la'asar.