Ya haddace katin tsaf, amma bai gane kalma ko ɗaya ba: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Maman Abba, Kano: Assalamu alaikum iyaye da malamai. Abba shekararsa 5. Makarantarsu ta ba su kati mai kalmomin Turanci 20, irin su the, said, one, was, come, aka ce ya san su kafin hutu. Kullum bayan Magariba sai mu zauna a tabarma, ina nunawa da yatsa, shi kuma yana rero su daga sama har ƙasa ba gargada. Jiya na rubuta was ita kaɗai a bayan kwalin ashana na miƙa masa. Ya dubi kwalin, ya dube ni, ya ce the. Da na nuna wata sai ya koma farkon jerin yana lissafi da yatsu don ya iso gurinta. Mako uku muna fama, ashe waƙa ya koya. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mini yadda ya yi.

Malamar aji ɗaya, Bauchi: Wa alaikumus salam. Maman Abba, kwantar da hankalinki, duk shekara ina samun irinsa fiye da goma a ajina. Yaron da ya riƙe kalma 20 a jere ai kansa na ja.

Irin wannan kati asalinsa Amurka ne. Wani malami mai suna Edward Dolch ya fitar da jerin kalmomi 220 a 1936, waɗanda suka fi yawan fitowa a littattafan yara. Wasu daga ciki rubutunsu daban, furucinsu daban. Dubi one: da o ta fara, amma baki da w yake farawa. Shi ya sa ake so yaro ya gane su da kallo ɗaya.

Ga yadda nake yi. Almakashi nake sa wa katin, kowace kalma ta zama ita kaɗai. Uku nake ɗauka a mako, ba na ƙarawa. Kuma ba na ce wa yaro ya haɗiye kalmar dunƙule. In said ce, sai in ce ya faɗi sautin s, ya faɗi na d, duk ya san su. Sai in ja layi da jan alli a ƙarƙashin ai, in ce nan ne kawai wurin riƙewa. Ya rubuta a allonsa, ya goge, ya sake. Washegari in buɗe littafi in ce ya farauto mini ita a shafi. Ranar da ya tsinto ta a tsakiyar jimla, ranar na san ta zauna.

Amma Hausa ba ta buƙatar wannan wahala. Yaron da ya san ba, be, bi, bo, bu zai haɗa gaɓa ya karanta makaranta ko bai taɓa ganin kalmar ba. Haka muka yi aiki da littattafan Mu Karanta da aka kawo makarantun Bauchi da Sakkwato. Ƙananan kalmomi irin da, na, ya, ne, ce kuwa, yawan haɗuwa da su ke sa ido ya daina tsayawa a kansu.

Baban Ilham, Zariya: Malama, Allah ya saka da alheri. Ni na yi wa 'yata katunan Hausa, kuma na ga illarsa. Harafin farko kawai take kallo ta yi canke. Kaza ta ce kara, baƙi ta ce baki, don ba ta duba lanƙwasar ƙ. Na kuma ɗauka tana karatu saboda duk inda ta ga gwangwanin Milo ko Peak sai ta faɗi sunan. Da na rubuta Milo da biro a takarda, shiru. Koren launin ta sani. Daga nan muka koma gaɓa-gaɓa. Yanzu in mun hau Keke Napep ita ke karanta mini abin da aka rubuta a bayan motoci, a hankali, tana motsa leɓe.

Kawu, Haɗeja: 'Yata, abin da kika faɗa tsohon ciwo ne a makarantar allo. Yaro yana jin na gaba da shi suna biyawa, sai ya riƙe da kunne tun bai gama babbaƙu ba, balle farfaru. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, yakan karɓi allo ya ɗora tsinke a tsakiya ya ce, "Mene ne nan?" Wanda ya kasa, a mayar da shi baya, ba faɗa. Ki riƙa fara wa Abba daga tsakiya ko daga ƙasa.

Inna, Maraɗi: Mu nan a lakwal Faransanci ne, kuma shi ma akwai haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, kamar a est da ils. Jikana yana ta furta su duka. A ƙasa nake share masa wuri a tsakar gida, ya rubuta da kara, ya zagaye harafin da ba ya magana. Wani abu kuma: ƙanwarsa ta daɗe tana rikita kalmomi, tana kai takarda har hanci. Da aka duba idonta, tabarau take buƙata. A lura da wannan ma.

Malamar aji ɗaya, Bauchi: Gaskiya ne, Inna. Baban Ilham, in ta ƙara ƙwari za ta gamu da irin su kuka da gari, tunda boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Kukar miya ce ko kukan jariri, garin tuwo ne ko na mutane, sai jimla ta raba. Ka sa ta karanta har aya kafin ka tambaye ta ma'ana.

Maman Abba, Kano: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kwana biyar ke nan da na yanka katin. Na manna the a ƙofar ɗaki, was a jikin randa, said kusa da madubi, ina sauya musu wuri da dare. Yau da safe ya ɗauko littafin yayarsa, ya sa yatsa a kan the har sau huɗu a shafi guda, ya rugo madafa yana nuna mini. Was har yanzu yana ce mata saw. Malama, in ƙara sabbi ranar Asabar, ko in bari sai wannan ta zauna?