Suna ɗaya, mutum daban: wa ya taɓa shiga irin wannan ruɗani?

Baban Khalifa (Jahun, Bauchi):

Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya same mu ranar Talatar da ta wuce, har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Na kai mahaifiyarmu asibiti saboda hawan jini. Muna zaune a benci sai nas ta leƙo ta ce, "Hauwa Muhammad!" Mata uku suka miƙe. Mama ce ta fi kusa da ƙofa, aka miƙo fayil muka shiga. Likita ga layi ya yi masa yawa, ya duba takarda, ya yi tambaya ɗaya biyu, ya rubuta magani. Sai da muka je tagar karɓar magani yaron da ke wurin ya dubi katin, ya ɗago ya dubi Mama, ya ce, "Malam, anya katinta ne? Nan shekara 34 aka rubuta, kuma mai ciwon suga ce." Mama ta haura saba'in, ba ta taɓa yin suga ba. Da Allah bai sa yaron nan ya ɗaga kai ba, da mun koma gida da maganin wata.

Ba zargin kowa na zo yi ba. So nake duk wanda suna ɗaya ya taɓa jefa shi cikin ruɗani, sunan mutum ne ko na gari ko na unguwa, ya ba mu labari mu ƙaru.

Direba Ɗan Misau:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Nawa na gari ne. Shekarun baya aka ɗauke ni shata daga Bauchi da kayan ɗakin amarya, aka ce Katagum za a kai. Ni kuwa tun tasowata in an ce Katagum, Azare nake ji, don can Sarki yake, can ne kuma hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum. Na isa Azare da la'asar, na kira mai karɓar kaya, ya ce in tsaya kusa da kasuwa. Na tsaya. Shi ma yana kusa da kasuwa. Mun fi awa guda muna neman juna a waya kafin wani dattijo mai sayar da goro ya karɓi wayar ya tambaye shi, "Kai wace Katagum kake?" Ashe ainihin garin Katagum yake nufi, can arewa, wanda shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki. Sai bayan isha muka sauke gado da katifa, mata 'yan jere sun zauna jira tun hantsi.

Dattijon nan ya ce mini garin Katagum ne tsohuwar fadar da Malam Zaki ya kafa, a 1916 aka dawo da Sarki Azare, sunan masarauta ya biyo shi, garin ya zauna inda yake. Ga kuma Liman Katagum nan kusa da Bauchi, ta uku ke nan. Tun daga ranar ba na tayar da mota sai na ce a faɗa mini garin da ke gaba da wanda ke baya. Haka in an ce Yelwa: ta Bauchi, ko Yelwan Shendam, ko Yelwan Yawuri can Kebbi?

Adda Mairo (Tudun Wada, Gombe):

Malam direba, ai mu 'yan Tudun Wada mun saba. Akwai ta a Kaduna, akwai a Zariya, akwai a Jos, a Kano ma ƙaramar hukuma ce guda. Atamfofin da na yi oda sun taɓa kwana biyu a Zariya don mai aikowa Tudun Wada kawai ta rubuta a jikin buhu.

Ɗalibar Pantami:

Ni a wajen ƙasa abin ya same ni. Ranar farko a aji aka ce kowa ya faɗi inda ya fito, na ce Gombe. Malamar ta yi murna sosai, ta ce ta daɗe tana burin zuwa garinmu ta ga birai. Raina ya ɓaci, na ɗauka raini ne. Sai bayan darasi ta nuna mini a wayarta: akwai gandun daji mai suna Gombe a Tanzaniya, a bakin tafkin Tanganyika, inda Baturiyar nan Jane Goodall ta fara binciken manyan birai a 1960. Wurin ya yi suna a duniya ƙwarai, har in ka rubuta Gombe a intanet hotunansa kan fito tare da namu. Wani ɗan Kwango da muke aji ɗaya ya ce su ma Gombe unguwa ce a tsakiyar Kinshasa, inda ofisoshin gwamnati da na jakadanci suke. Na ji kunyar fushin da na yi, amma kuma ya dame ni da na ga ba wanda ya san tamu. Daga nan na koma cewa "Gombe ta Nijeriya", in zauna in yi musu bayanin Dadin Kowa da Ashaka da Tula.

Bappa Mai Ritaya (Herwagana):

'Yata, ko a gida ai Gombe ba ɗaya ba ce. Ta farko ita ce Gombe Abba, wadda Modibbo Buba Yero ya kafa zamanin jihadi, tana ƙasar Dukku a bakin Gongola. Turawa suka ɗauke fada zuwa Nafada a 1913, sannan a 1919 aka dawo da ita Doma, wato wannan garin da muke ciki. Shi ya sa tsofaffi ke cewa Gombe Doma. Ranar 1 ga Oktoba 1996 kuma aka cire mu daga jihar Bauchi, sunan ya hau kan jiha gaba ɗaya. Lokacin ina aiki na sha ganin wasiƙunmu sun tafi Gombi ta Adamawa, nasu sun zo mana, saboda harafi guda.

Malama Uwani (Bakaro):

Shekara 21 ina koyarwa a firamare. Bana a ajina akwai Muhammad tara, A'isha bakwai, kuma Muhammad Abubakar har uku. A bakin yara ba a taɓa ruɗewa, kowa da laƙabinsa: Abba, Mamman, Khalifa, Baffa. A rajista ne abin ke kwaɓewa. Na taɓa ba wani yaro sakamakon takwaransa, ya kai gida, mahaifinsa ya zane shi a kan faɗuwar da ba shi ya yi ba. Washegari yaron ya zo idonsa a kumbure, bai ce mini komai ba. Sai da uban ɗayan ya zo yana mamakin yadda ɗansa ya zo na biyu na gane. Na je gidan da ƙafata na ba uban haƙuri, na ba yaron haƙuri, amma dukan ya riga ya hau jikinsa. Wannan abu bai bar raina ba har yau.

Malaman da can suna da dabara, sai su liƙa wa yaro sunan garinsu. Ta haka muka san Sa'adu Zungur, Aminu Kano, Shehu Shagari, da Abubakar Tafawa Balewa. To shi ma dubi inda sunan ya kai: gari ne, ƙaramar hukuma ce, jami'a ce, asibitin koyarwa ne, filin ƙwallo ne, filin jirgi ne, har a Legas akwai dandali mai sunan. Baƙon da ya sauka Bauchi ya ce wa ɗan acaba "Tafawa Balewa", dole a tambaye shi wanne.

Ɗan Wunti:

Ko manya ba su tsira ba. Daga 2015 zuwa 2019 gwamnan Bauchi Muhammad Abubakar ne, gwamnan Jigawa maƙwabciyarmu shi ma Muhammad Abubakar, sai da Badaru ake rabe shi. Kafin su kuma an yi Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Abubakar. Shi ya sa aka koma kiran gwamnan Bauchin M.A., shi kuma Sufeton M.D.

Maman Walida (Jekadafari):

Innalillahi, Baban Khalifa ka tuna mini ranar da ba zan manta ba. Maigidana direban tirela ne. Wata safiya ina wanke-wanke sai na ji sallama, maƙwabta mata sun shigo su huɗu, ba wadda ta iya kallon idona. Kafin su yi magana wayata ta fara ƙara. An sa a WhatsApp cewa an yi haɗari a hanyar Jos, wane direba ɗan Gombe ya rasu, sunansa da sunan mahaifinsa sak na maigidana. Na kira lambarsa a kashe. Surukata ta faɗi a tsakar gida. Maza har sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wani ya tafi neman masu haƙa kabari.

Sai wajen azahar ya kira da wayar yaron motarsa, yana Fatakwal, cajinsa ne ya ƙare. Na kasa magana, kuka kawai nake. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo daga baya: wanda ya rasun mutum ne na gaske, yana da mata da 'ya'ya biyar a wata unguwa. Muna murna, su suna karɓar gawa. Maigidana da ya dawo bai ko huta ba ya ce mu je ta'aziyya. Da ya faɗi sunansa a zauren, mahaifin mamacin ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Har yau duk salla yana kai wa yaran nan abin da ya samu, ya ce 'ya'yan takwaransa ne.

Don Allah masu tura sanarwar rasuwa, ku riƙa sa unguwa da laƙabi, ko ku jira dangi su faɗa da bakinsu.

Injiniya (Fadaman Mada):

Allah ya jiƙansa. Hajiya, labarinki ya taɓa ni. Ni tawa matsalar ta juye ne: mutum ɗaya, suna huɗu. Takardar firamare Muhammadu, ta sakandare Mohammed, a BVN Muhammad, wani wurin ma Moh'd. Da aka zo haɗa layukan waya da NIN a ƙarshen 2020, kwamfuta ta ce mu huɗu ne. Sai da na yi takardar rantsuwa a kotu, na buga a jarida, na yi wata uku ina zarya. Ra'ayina, mu rage maimaita sunaye. Sunayen Sahabbai suna da yawa, me ya sa kowane gida sai guda goman nan?

Hajiya Dada (Bolari):

Ɗana Injiniya, ban yarda da kai ba. Jikokina mata biyar sunana suka ci, A'isha. Ɗaya Ummi, ɗaya Walida, ɗaya Humaira, ɗaya Indo, ƙaramar Mama. Ba a taɓa kiran ɗaya wata ta amsa ba. 'Ya'yana ba rashin suna ya sa suka yi haka ba, ƙauna ce, kuma don ba za su iya kama sunana a bakinsu ba suka saka laƙabi. Ranar suna ni ke ɗinka wa takwarata kaya, in ta girma ta zo hutu ɗakina take kwana, ranar aurenta akwai abin da ke kaina. Ni ma sunan kakata na ci, ban gan ta ba, amma saboda sunan nan na san labarinta fiye da sauran 'yan uwana. Ka ce a bar wannan saboda takarda? Takarda ce ba ta da gurbin laƙabi, ita ya kamata a gyara.

Injiniya (Fadaman Mada):

Allah ya ba ki haƙuri Dada, ban ce a bari ba. Ni ma babbar 'yata sunan mahaifiyata gare ta. Cewa nake ranar da za a yi wa yaro takardar haihuwa a tsaya a rubuta suna uku, a kuma riƙe rubutu iri ɗaya har girmansa.

Almajirin Malam (Gwallaga):

Kowannenku da gaskiyarsa. Ya tabbata a hadisi cewa mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman, don haka tun zamanin Sahabbai ake tarayya a suna. Abdullahi huɗu suka shahara da ilimi a cikinsu: ɗan Umar, ɗan Abbas, ɗan Zubairu da ɗan Amru bin Asi, kuma da sunan uba aka rabe su. Alƙur'ani ma a Suratul Ahzab ya ce a kira mutane da sunayen ubanninsu. Malaman hadisi har fanni guda suka ware don masu ruwaya da sunansu ya zo ɗaya, domin in aka ce Sufyanu sai an tantance Sauri ne ko ɗan Uyaina, in aka ce Hammadu ɗan Zaidu ne ko ɗan Salama. Sukan duba kaka, da gari, da sana'a, da wanda mutum ya yi karatu a wurinsa.

Ni kaina na taɓa ɗaura wa wani aure da sunan wansa a wakilci, don an ba ni suna a takarda ba a ce mini gidan Usman biyu ne ba, ɗan ɗakin uwargida da ɗan ɗakin amarya. Waliyyin yarinya ne ya tsayar da mu kafin a shafa fatiha, aka sake siga daga farko. Yanzu ba na karɓar wakilci sai na ga ango ido da ido.

Baban Khalifa (Jahun, Bauchi):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maman Walida, na karanta wa Mama labarinki, ta yi wa mamacin addu'a. Jiya na koma asibitin, na roƙi a ƙara sunan kakanmu a katinta da unguwa da lambar wayata, kuma sun yi ba musu. Ni ma unguwar tamu sai na ce a rubuta Jahun ta Bauchi, kada a kai mu Jigawa.

Da na dawo na nuna mata katin, ko kallonsa ba ta yi ba. Tambayarta ɗaya: "Ita yarinyar nan takwarata mai suga, ta samu maganinta ranar kuwa?" Na ce ban sani ba. Ta ce Talata mai zuwa in mun je mu zauna kusa da ƙofa, in an kira sunan ta ga wadda za ta miƙe.