Idan an kai wa ɗalibi hari a ƙasar waje saboda launin fatarsa, me zai fara yi?

Ummu_Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka san dokokin ƙasashen da yaranmu ke zuwa karatu, kamar Birtaniya da Jamus da Indiya. Idan aka tare yaro a hanya aka zage shi ko aka doke shi don shi baƙar fata ne, me ya kamata ya yi a ranar? Da yawa suna cewa gara a haɗiye a yi shiru, wai kai ƙara wurin 'yan sanda yana taɓa biza. Gaskiya ne?

Barista_Zazzau:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wanda aka zalunta bai yi laifi ba, kuma ɗalibin da takardunsa ke kan ka'ida ba ya rasa biza don ya kai ƙara. Abu biyu ne ke taɓa ta: ramuwar da za ta kai kotu ta same shi da laifi, da daina zuwa aji don tsoro ba tare da sanar da makaranta ba. A Birtaniya jami'a na bin diddigin halartar ɗaliban waje, tana kuma kai rahoto ga hukumar shige da fice.

A lokacin, ya shiga inda mutane da haske suke, shago ko tasha, ya kira 999 a Birtaniya, 110 a Jamus, 112 a Indiya. Sai babbar gaɓar da yara ke yin sakaci da ita: ya faɗa da bakinsa cewa yana ganin don launin fatarsa aka yi masa, ya maimaita kalmomin zagin yadda aka furta su, komai muninsu. Kunya kan sa yaro ya ce "sun zage ni" kawai, sai a rubuta abin a matsayin faɗan titi. A Birtaniya, tun rahoton Macpherson na 1999 da ya biyo bayan kisan Stephen Lawrence, wani matashi baƙar fata, 'yan sanda na rubuta abu a matsayin na wariyar launin fata muddin wanda aka yi wa ko wani da ya gani ya ɗauke shi haka. Amma kotu hujja take so, kuma kalmomin nan su ne hujjar. Dukan da iyakar hukuncinsa wata 6 ne yana iya kai shekara 2 idan an tabbatar da wariya a ciki.

Ya karɓi lambar ƙara kafin ya bar wurin. Kada ya sa hannu a bayanin da bai fahimta ba, ya nemi tafinta. A Jamus a kula da wa'adi: laifin zagi sai wanda aka yi wa ya nemi a hukunta cikin wata 3.

Likita_Binta:
Ƙari a kan na Barista. Ya je asibiti ranar, ko da yana jin ba wani ciwo ba ne, ya ce wa likita dukansa aka yi, don a rubuta haka a fayil. A Indiya ya tabbatar an buɗe masa takardar da suke kira MLC, wato rahoton likita kan raunin da ya shafi shari'a, ita 'yan sanda da kotu ke dogaro da ita.

Taruwar jini ba ta fitowa sarai a baƙar fata, shi ya sa ake raina raunin yaranmu. Ya ɗauki hoto a hasken rana, da rula a gefen ciwon, ya sake washegari da jibi, domin kumburi kan ƙara bayyana daga baya. Tufafin da ke da jini ko yawu kada a wanke, a sa a jakar takarda. Leda na riƙe danshi ta lalata shaidar.

Idan an buge shi a kai, kada ya kwana shi kaɗai daren farko. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa ko barcin da ake shan wahalar tashinsa, a koma asibiti nan take. In rashin barci da fargabar fita suka wuce wata guda, wannan ma ciwo ne, ya ga masu ba da shawara na jami'a.

Malam_Ɗanjuma:
Barista, abin da ka faɗa haka yake a doka, amma a aikace akwai ofishin da za su yi ta jan ƙafa. A Indiya dole ya nace a rubuta FIR, wato rahoton farko da 'yan sanda ke buɗe ƙara da shi, a ba shi kwafi kyauta, kuma ko ba yankinsu abin ya faru ba suna iya karɓar ƙarar su tura. Ya tafi da jami'in ofishin ɗaliban waje na makarantarsa, tarbar takan bambanta. Ya kuma matsa a nemi hoton kyamarar tsaro cikin makon farko, na'urori da yawa na gogewa cikin wata ɗaya, wasu kwanaki kaɗan. Bidiyon waya a ba 'yan sanda na asali tukuna, WhatsApp na rage ingancinsa.

Harin gungun mutane kuma daban ne, yawanci jita-jita ke kunna shi. A garin Greater Noida na Indiya a Maris 2017, bayan mutuwar wani matashi ɗan garin, aka ɗora wa 'yan Afirka, aka lakaɗa wa ɗaliban Najeriya duka a cikin katafaren kanti. A Ingila a Agusta 2024 ƙaryar da aka yaɗa kan kisan yara a Southport ta kai ga far wa masallatai da otal ɗin masu neman mafaka. Da zarar irin wannan ta fara yawo, a zauna a ɗaki, a tanadi abinci da ruwa na kwana uku, a cika cajin waya, kada a fita kallo. Tun farkon zuwa ma yaro ya yi rajista da ofishin jakadancinmu. In shi aka kama, sashe na 36 na yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashe ya ba shi damar neman a sanar da jakadanci.

Ummu_Sadiƙ:
Allah ya saka da alheri. To wanda bizarsa ta ƙare fa?

Barista_Zazzau:
Nan kam tsoron yana da tushe, Hajiya. A Jamus doka ta wajabta wa hukumomin gwamnati sanar da ofishin baƙi idan sun gano mutum ba shi da izinin zama, a Birtaniya ma 'yan sanda na iya miƙa bayaninsa. Don haka ya fara da lauyan shige da fice ko cibiya mai zaman kanta ta taimakon waɗanda aka kai wa hari, su tsara yadda za a kai ƙarar. A Birtaniya yana iya kai rahoto ta True Vision, shafin intanet na 'yan sanda na karɓar ƙarar laifukan ƙiyayya, ba tare da suna ba. Amma in rai na cikin haɗari ya kira agaji kawai, kuma sashen gaggawa na asibiti a Ingila kyauta ne ga kowa, da takarda ko babu.